Inda Tsintsiya Ta Kauce

Da na shigo layinmu da sassafe, kwandon lemo a kaina, fili na fara gani. Fili fetal a gurbin da motar abincin Uwar Layi take tsayawa tun ina budurwa. Na murtsuke ido, na ce ko barci ne bai sake ni ba. Sai da na dubi gangare sannan na hango ta: ga ta can ta yi ƙememe a bakin ƙofar asibiti, tayoyinta duka sun tsallake jan layi. Ban san lokacin da na saki kwandon ba. Lemo ya kama gabansa, ni ma na kama nawa da gudu.

Wanda ba ya neman abinci a bakin titi zai ce to mene ne a ciki, a turo ta ta dawo mana. Mu da muka tsufa a sana'ar mun san abin ya wuce nan. Hukumar gari ta jibga mana dokoki kamar ba ta da wani aiki sai mu. Kowa da gurbinsa da aka shata masa da farin fenti, kowa ya share nasa, mai abinci ya rufe kansa, ya kuma kafa durom ɗin wanke hannu a gaban masu saye. Waɗannan idan ka karya, faɗa ne ko tara. Jan layi kuwa ba a yi masa wasa. An ja shi ne don motar ɗaukar marasa lafiya ta samu hanya, kuma duk wanda kayansa suka tsallake shi, lasisinsa ya mutu, gurbinsa ya zama na wani.

Don abin ya ƙara lalacewa, da asubar ranar motar asibiti ta kawo mace a kan gwiwa, ta tarar da hanya a toshe, sai a hannu aka shiga da baiwar Allah. Asibiti suka buga waya. Kafin mu iso, Duba-gari, jami'in hukumar gari, ya riga mu, yana tsaye ya goya hannu a baya yana kallon tayoyi.

Uwar Layi na zaune a kan dakalin asibiti, hannu biyu a ka. Ita ta fara ɗora tukunya a layin nan, ita ta koya wa rabinmu yadda ake magana da hukuma, shi ya sa sunan ya bi ta. Ban taɓa ganin ta zauna da safe ba sai ranar. 'Yarta Auta, wadda ke taya ta aiki a motar, tana tsaye a bayanta ta dafa mata kafaɗa, idanu sun yi jawur.

"Yallaɓai, kai ma ka san ni," in ji Uwar Layi. "Ni zan kawo motata nan? Hauka nake yi?"

"Na san ki, Inna, shinkafarki na ci na girma," ya ce. "Ƙofa ɗaya doka ta bar miki. Idan wani ne daga waje ya yi miki wannan mugunta, aka kuma tabbatar, ke kin fita. Shi zai rasa gurbinsa, ya kuma amsa tambaya wurin 'yan sanda. Idan ke ce ko wani na gidanki, ba ni da abin yi. Janwe zai zo da la'asar ya ja motar. Kafin nan ku kawo min mutum."

Bai gama rufe baki ba, idon layi gaba ɗaya ya juya kan Mai Kifi.

Mai Kifi mutum ne mai baki ba linzami. Gurbinsa na manne da nata ta sama, ruwan ƙanƙararsa kullum yana gangarowa ƙarƙashin motarta, kullum suna yi. A makon da ya wuce ya buga ƙirji a gaban kowa ya ce sai ya ga ranar da akwalar motar nan za ta bar layin. Yanzu ga ta ta bari. Aka yi masa caa. Wani ya cakumi wuyan rigarsa, wani ya kai masa hannu, kafin a ce haka leɓensa ya fashe.

"Ku bar shi!" Auta ta ƙwalla ƙara har muryarta ta sarƙe. "Don Allah ku bar shi!"

Muka ce wayyo, yarinya mai tausayi, an cuce su amma tana roƙa wa macuci. Duba-gari ya shiga tsakani, ya zaunar da Mai Kifi a kan benci. Ni kuwa na ɗaure zanena na ce a ba ni ɗan lokaci, zan je in ɗauko kawuna.

*

Kawuna ƙanin mahaifiyata ne. Ƙuruciyarsa duk a bin sawu ta ƙare, daga shanun sata zuwa masu farautar dare a gandun daji. Yanzu ya ajiye aiki, ya koma gida yana addabar matarsa. Ba ta isa ta ce masa kasuwa kawai ta je ba, zai dubi takalminta ya ce to jan laka fa, na unguwar ƙanwarki ne. Ba ya kallon fuskar mutum idan yana magana da shi, ƙafarsa yake kallo. Shi ya sa ake ce masa Duba-ƙasa.

Na same shi yana shan shayi. Na zayyana masa komai a tsaye.

"Kun riga kun dake shi?" ya tambaya.

"Kaɗan."

"To me zan zo in yi? Ai kun gama shari'a."

"Kawu, don girman Allah. Idan ba a tabbatar ba, ita za a kora."

Ya shanye shayinsa a tsanake kamar ba wuta ce ke cin wani ba, sannan ya ɗauki sandarsa. Da muka iso, na gabatar da shi ga jami'in. Wani daga baya ya ce yau dai an haɗu, ga Duba-gari ga Duba-ƙasa, saura Duba-sama. Mutane suka ɗan dara, ban da Uwar Layi.

Kawu ya zagaya motar. Ya taɓa wayar da aka ɗaure ƙofar direba da ita.

"Makullin ya daɗe da lalacewa," na ce. "Kowa a layin nan ya sani."

Ya leƙa ƙarƙashi, ya ga guntun katakon da ake tokare taya da shi an mayar da shi daram. Ya ɗaga kai ya bi gangaren da ido har sama.

"Ba tura ta aka yi ba," ya ce. "An zare katako, an shiga an saki birki, ta gangaro da kanta. Ko tsohuwa za ta iya, in dai ta iya riƙe sitiyari."

Gefen titinmu ƙasa ce, ba kwalta ba, don haka na sa rai zai ga sawu ya ce ga ɓarawo mu huta. Ina. An share hanyar tas daga sama har ƙasa, sai shatin tsintsiya kawai. Abin da ya rage kuma taron jama'a sun tattake shi. Can gefen kwata dai ya tsaya, ya nuna da sanda. Sawun takalmin roba ne, babba, a cikin danshi.

"Na wa ne wannan jirgin ruwa?"

Aka yi ihu. A layin nan mutum ɗaya ne ke sa takalmin roba mai tsawo, Mai Kifi. Murna ta kama ni, Allah ya yafe min, na ce shi ke nan an gama.

*

Kawu ya zauna kusa da Mai Kifi a kan benci, ya ce a ja baya. Ni dai ban ja ba, ai ni na kawo shi.

"Malam, me ya kai ka bakin kwata?"

"Baba, ruwan ƙanƙara na zubar," ya ce yana dafe da leɓe. "Uwar Layi ce ta hana ni zubarwa a sama, ta ce yana shiga mata. Shi ne nake saukowa da bokiti."

"Da ka sauko ka ga motar a nan?"

Ya kawar da kai.

"Ka gan ta."

"Na gan ta."

"Ba ka gaya wa kowa ba."

"Baba, ni da na yi rantsuwa a gaban mutane? In je in ce ga mota ta bar layi, su ce wa ya fara gani? Na koma na ci gaba da gyaran kifina. Wallahi bakina ne kawai, ban taɓa ta ba. 'Ya'yana da teburin nan suke ci."

Kawu ya miƙe ya ja ni gefe, ya sake nuna min sawun.

"Dubi da kyau, ɗiyata. Takalmin ne a kan shara, ko shara ce a kan takalmi?"

Na sunkuya. Takalmin ya danne shatin tsintsiya sarai. Wato an riga an share sannan ya taka.

"To ko shi ya share, ya dawo daga baya," na ce, don ban so in saki ba.

"Zai yiwu," ya ce. "Mu je."

*

Idan ba Mai Kifi ba, a zuciyata sai Mai Otal. Gidan abincinsa na tsallaken titi, mai gilashi da fanka, kuma shi ne kullum ke kai ƙararmu hukuma, wai muna kashe masa kasuwa muna tara masa ƙuda. Muka same shi a bayan kanta, ya ɗora ƙafa a kan kujera, an naɗe ta da filasta har gwiwa.

"Ni?" Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Banɗaki ma sai an riƙe ni. Kuma bari in faɗa muku gaskiya, duk cikinku ita ce kaɗai ba na so ta tashi. Layin masu sayen shinkafarta har ƙofata yake kawowa, suna jira suna shan lemon kwalbata. Masu ɓawon lemo ne dai..." Ya kalle ni.

"Allah ya ƙara wa ƙafar lafiya," na ce, ba don na yi niyya ba.

Daga nan sai maigadin asibiti, wanda ya rantse ya maya cewa idonsa biyu har gari ya waye. Ga kuwa shatin tabarma nan a kumatunsa.

"To ko ba ka gani ba, me ka ji?" in ji Kawu.

Maigadi ya sosa ƙeya. "Gab da asuba na ji ana shara. Na ɗauka masu sharar hukuma ne suka yi sammako. An daɗe ana yi kuwa, can sama. Mai sharar kamar yana mura, yana ta jan hanci."

"Can sama," Kawu ya maimaita. Ya juya ya fara hawa gangaren, ni ina biye ina haki.

*

Duk rububin nan da ake yi, a gindin motar ake yin sa. Ba wanda ya damu da gurbin da ta baro, don haka yana nan yadda aka bar shi. Kawu ya tsaya a bakin farin fenti, bai taka ciki ba. Ya tsuguna. Ya daɗe a haka har ƙafata ta gaji, na koma ina tsintar lemona da yaran makaranta suka rage min.

"Zo nan," ya ce. "Wanda ke ɓoye sawu, ina yake sharewa?"

"Inda ya taka mana."

"Wannan kuwa ya share gurbin duka. Daga wannan kusurwa har waccan, har bayan da ba a taka ba. Ya zo daidai kan iyakarki ya tsaya cak, ko taku bai shiga naki ba."

"Ai ba a taɓa share min ba," na ce. "Yau za a fara?"

Bai yi dariya ba. Ya miƙa sandarsa can gaba, ta hannun dama. Sai a lokacin na lura. A tsakiyar wurin da aka share fes, akwai wani zagaye da tsintsiya ba ta taɓa ba, faɗinsa kamar faranti babba, da ƙurarsa da ɗan ɓawon albasa a ciki. Shatin tsintsiyar ya zo, ya kewaye shi, ya wuce.

"Me ke zama a nan da rana?"

"Durom ɗin wanke hannu," na ce ba tare da tunani ba.

"Da dare fa?"

"Ana shigar da shi mota. Wa zai bar durom a waje a garin nan?"

Ina rufe baki na sake duban zagayen. Ban gama gane abin da na faɗa ba, amma na san ba ƙaramin abu ba ne.

Daidai lokacin Uwar Layi ta taso daga gangare, Auta na gefenta. Kawu bai kalli fuskarta ba, kamar yadda ya saba. Ƙafarta ya zuba wa ido. Ni ma na bi idonsa. Shekara da shekaru ina ganin matar nan kullum, amma ban taɓa lura ba sai yau: ba ta ɗaga ƙafa. Jan ta take yi, babban yatsa na gaba yana laluben ƙasa kafin sauran su biyo.

Kawu ya miƙe da ƙyar, ya karkaɗe gwiwa.

"Ɗiyata," ya ce a hankali, "da kin bar ni na sha shayina."

*

Rana ta karkata lokacin da ya ce a tara kowa a bakin gurbin. Duba-gari ya zo, Mai Kifi ya zo da kumburarren leɓe, har Mai Otal aka tallabo shi aka kafa masa kujera, don shi ba a yin abu ba shi. Masu shayi, masu burodi, masu gasa masara, kowa ya bar kayansa.

"Kafin in yi magana," in ji Kawu, "idan akwai wanda yake so ya riga ni, na ba shi wuri."

Ba wanda ya motsa. Ya jira, ya sake jira. Sai ya numfasa.

"Mai Kifi ba shi da hannu. Bayan an gama komai ya zo. Wanda ya yi aikin nan ya share sawunsa, kuma ya iya shara, ban samu ko yatsa ɗaya ba. Amma a cikin duhu ya yi, hankalinsa ba ya jikinsa, sai hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya share gurbin nan kamar yadda ake share shi kullum. Da ya zo nan kuma, tsintsiyarsa ta kauce wa durom. Alhali babu durom, yana cikin mota."

Mutane suka miƙa wuya. Na ji wata ta ce innalillahi a hankali.

"Wanda bai saba share wurin nan da durom a tsaye ba, ba zai kewaye iska ba," ya ce. Ya juya. "Hajiya, ke ce mai wuri. Dubi nan ki gaya mana ko ƙarya na yi."

Ya nuna da sanda, bai bari ta taɓa ƙasa ba. Uwar Layi ta matso, ta sunkuya, ta ƙura ido. Ta gyaɗa kai.

"Na gani," ta ce. "Ƙwarai na gani."

Inda take kallo daban, inda sandar take daban. Tsakaninsu ya fi tsawon hannu. Tana ta gyaɗa wa ƙasa tsirara kai, mu kuma muna kallonta. Wallahi ban taɓa jin layinmu ya yi tsit irin na lokacin ba, har ƙarar fankar otal ana ji daga tsallake. Na toshe bakina da gefen mayafi.

Shirun ne ya gaya mata. Ta miƙe a hankali, ta juya kai hagu da dama.

"Mene ne? Me kuke kallo?"

"Inna," Duba-gari ya ce, muryarsa ta canja, "yatsa nawa na ɗaga?"

Sai ta gyara tsayuwa, ta ɗaga haɓa yadda take yi idan za ta yi faɗa da hukuma.

"Ni ce," ta ce. "Ni na saki motar. Ku rubuta ni ce, a sallami kowa."

"Ba ke ba ce, Hajiya," in ji Kawu. "Wanda ya gangaro da ita ya kauce wa kwata, ya kauce wa turken wuta, ya tsaya bai taɓa bangon asibiti ba. Mai gani ne."

Auta ta zube a ƙasa kan gwiwoyinta.

"Ni ce, Yallaɓai. Ni ce. Ku bar kowa."

Aka ɗauki salati. Wata ta ce 'yar cikinta? Wani ya ce duniya ta ƙare. Ni dai na zauna a kan kwandona. Yarinyar nan a gabana aka yaye ta a cikin motar nan, a kan buhun shinkafa take barci.

"Rufe min baki," in ji Uwar Layi, ba ta ko juya ba.

"Na rufe, Umma. Tun bara nake rufe da shi." Kuka ya ci ƙarfinta, ta haɗiye. "Tun bara idonta ya fara tafiya. Na ce mu je asibiti, ga shi nan a gabanmu, ta ce idan suka sani za su karɓe lasisi. Na ce to ta mayar da shi sunana, doka ta yarda idan mai shi ya sa hannu, ita ta zauna ta huta. Ta ce sai dai bayan ranta. Ta ce idan na faɗa wa ko mutum ɗaya, ba ta yafe min nonon da na sha ba."

"To shi ne za ki kashe ta da ranta?" wata mai burodi ta jefa mata.

Auta ta ɗago ta dube ta, ta dube mu duka.

"Shekaranjiya kun tuna babu shinkafar rana? Na ce muku ta ƙone. Ba ƙonewa ta yi ba. Jarkar mai da jarkar maganin wanke ƙasa girmansu ɗaya. Na fita sayo gishiri, na dawo na tarar ta zuba, tana juyawa, mura ta hana ta jin wari. 'Yan makaranta sun riga sun yi layi da kwanukansu. Da na ƙara minti kaɗan a shago..."

Ba ta ƙarasa ba, ba wanda kuma ya nemi ta ƙarasa. Ni kaina ranar ina cikin masu mita, na aika kwanona ya dawo wayam har na yi tsaki. Jikata ma a layin yaran nan take tsayawa. Mai burodin da ta yi magana ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ta hana ni faɗa da baki," in ji Auta. "Ban faɗa ba. Na ce idan mota ta tsallake layi, za a ɗauke ta shiru, a ce tsautsayi ne, Umma ta koma gida da mutuncinta, ba wanda zai sani. Ban san za a ce a kawo mutum ba. Ban san za a kawo mai naƙuda ba." Ta juya wajen Mai Kifi. "Baba, ka yafe min. Ina tsaye aka dake ka."

Mai Kifi ya shafa kumburarren leɓensa yana kallon ta. Daga ƙarshe ya ce, "Tashi, 'yar nan. Tashi, ƙasa da datti."

Duba-gari ya cire hula ya shafa kansa. Na ga yana neman hanya, na kuma ga bai samu ba.

"Da kin zo min da maganar jarka, da na san yadda zan yi a mayar da lasisin sunanki," ya ce wa Auta. "Yanzu asibiti sun riga sun kai ƙara sama, kuma kin amsa a gaban jama'a. Na gida ne ya tsallake layi. Ba ke, ba ita. Maganar 'yan sanda dai zan bar ta a nan."

Ƙarar janwe ta taso daga bakin titi.

*

Uwar Layi ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Tana tsaye a tsakiyar gurbinta tana saurare: ƙarar sarƙa, ihun masu ɗaurewa, tukwane suna karo da juna a ciki lokacin da aka ɗaga gaban motar. Ta bi ƙarar da kunne har ta ɓace a kwana. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon ƙafarsa. Kawu ma ya tafi, ko sallama bai yi min ba.

"Wa ke nan?" ta ce.

"Ni ce, Yaya. Mai Lemo."

"Kai ni gida."

Ta miƙa hannu cikin iska, abin da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba. Auta ta yi wuf ta taso. Uwar ta ji takun, ta janye hannun kamar ta taɓa wuta.

"Ba ke ba."

Na kama ta. Hannun duk tabon ƙuna ne, sabo a kan tsoho. Muka kama hanya a hankali, Auta na biye da mu daga nesa kaɗan, ta rungume jakar uwarta a ƙirji. Ni kuwa hawaye ya cika min ido har ba na ganin gabana sosai, ga shi ban taɓa yi wa kowa jagora ba. Muka zo ƙarshen layi inda murfin kwata ya karye, ni ban ma lura ba, na ci gaba da jan ta.

Daga bayanmu, can ƙasa-ƙasa, yadda ba wanda zai ji sai wanda ya saba ji, Auta ta ce, "Umma, kwata."

Uwar Layi ba ta waiga ba. Ta ɗaga ƙafa ta tsallake.